Yadda Na Duba Wani Labarin Matasa A Kan Rashin Uba

Wata tsohuwar ɗalibata, wadda na koyar da ita Hausa a babbar sakandare kafin daga baya ta shiga sahun masu sakin labari kashi-kashi a zaurukan WhatsApp, ita ce ta kawo mini rubutun da zan yi bayani a kansa. Labarin ya samu karɓuwa a waya, masu karatu suka matsa mata ta buga shi a takarda, ita kuma ta ce ba za ta kai shi maɗaba'a ba sai na duba. Tauraruwar labarin yarinya ce 'yar shekara 16, 'yar aji biyu na babbar sakandare, wadda mahaifinta tela ya kwanta ciwo na ɗan lokaci ya rasu ana saura makonni kaɗan ƙaramar Sallah. Abin da marubuciyar ta roƙe ni in sa wa ido shi ne yadda ta jera matakan baƙin cikin yarinyar, da alamomin rubutu, da kuma rawar da kowane tauraro yake takawa.

Na sa an buga mini shi a takarda, domin allon waya yana ɓoye tsawon jimla da maimaicin magana. Karatun farko na yi shi ba tare da biro a hannu ba, saboda mai gyara da ya fara jan layi tun daga shafin farko ba ya samun damar jin labarin yadda yarinyar da za ta saye shi za ta ji shi. Bayan haka na koma da jan biro don ƙa'idojin rubutu, da fensir don abin da ya shafi labarin kansa, tunda na biron doka ce, na fensirin kuwa shawara ce wadda mai littafi za ta iya gogewa.

Ta raba littafin kashi biyar, kowane kashi da takensa: musu, fushi, ciniki, ƙunci, sallamawa. Wannan jeri ta samo shi ne a intanet, kuma asalinsa aikin Elisabeth Kübler-Ross ne, likitar ƙwaƙwalwa haifaffiyar Suwizalan wadda ta yi aiki a Shikago ta Amurka, ta fitar da shi a wani littafi a 1969. Abin da ya kamata duk mai son amfani da shi ya sani shi ne cewa likitar ta tattaro matakan ne daga hirarrakinta da majinyatan da aka riga aka shaida wa cutarsu ta ajali ce, wato halin mai jiran mutuwarsa take bayyanawa, sai daga baya mutane suka ɗora jerin a kan waɗanda aka mutu aka bari. Ita kanta ta yi bayani a ƙarshen rayuwarta cewa matakan ba dole ne su zo a jere ba, kuma ba kowa ne yake bi ta cikinsu duka ba. A 1999 wasu masana biyu na jami'ar Utrecht a Holan, Margaret Stroebe da Henk Schut, suka kawo wani bayani da na ga ya fi kusa da abin da muke gani a gidajenmu, cewa mai makoki kai da komo yake yi tsakanin fuskantar rashin da ya yi da fuskantar hidimar rayuwar da ta rage masa, sau da yawa ma a cikin yini guda. Da wannan ma'aunin na sake bin kashi biyar ɗin, ina tambayar kowane shafi ko yarinyar nan tana jin abin da aka rubuta ne saboda abin da ya faru da ita a ranar, ko kuwa saboda taken kashin ya wajabta mata.

Kashin farko ya fi sauran kyau, kuma ban taɓa kusan komai a cikinsa ba. Marubuciyar ba ta sa yarinyar ta ce mahaifinta bai mutu ba, domin ta ga fitar makara da idonta. Abin da ta nuna shi ne safiyar da ta biyo bayan sadakar uku, yarinyar ta haɗa shayi ta jera kofuna, sai da ta zuba a kofin mahaifin ta ɗauka za ta nufi ɗakinsa sannan ta tsaya cik a tsakar gida. Kanta ya san an yi rashi, hannunta ne bai samu labari ba. Akwai kuma shagon ɗinkin, keke a lulluɓe da tsohon zani, yadukan mutane na kayan Sallah a jibge, wasu an yanka ba a haɗa ba, zanen allin tela yana nan a jikinsu, masu kaya suna zuwa ɗaya bayan ɗaya su yi ta'aziyya sannan su sunkuyar da kai su tambayi yadinsu. A gefen wannan shafin na rubuta mata da fensir cewa nan ne zuciyar littafin take, kuma duk inda ta rasa hanya a gaba ta dawo ta sake karanta shi.

Matsalar ta fara ne daga inda jerin ya karɓe ragamar labarin. Da aka shiga kashi na biyu yarinyar ta wayi gari cikin fushi, ta yi ta fushi babi bayan babi, da kashin ya ƙare fushin ya ɗauke bai sake dawowa ba. Fushin ma ba shi da wanda aka nufa da shi, sai jifa da kwanuka da buga ƙofa. Yarinyar da ta tashi a gidan Musulmi, ta yi Islamiyya, ta san ba a jayayya da hukuncin Ubangiji, saboda haka fushinta ba ya fita ta hanyar da ya taso, yana neman wata ƙofa ne. Zai sauka a kan ƙaninta da ya kunna rediyo, ko a kan ƙawarta da ta yi dariya a aji, ko a kan baƙuwar da ta zo makoki ta zauna tana hirar farashin atamfa. Na ba ta shawarar ta tarwatsa wannan kashin ta watsa shi a cikin littafin duka, har da babin ƙarshe, domin wanda ya rasa uba yana iya yin wata guda lafiya lau, ranar Sallah ya ga yara da iyayensu a hanyar idi abin ya dawo masa sabo.

Kashi na uku, wato ciniki da ƙaddara, shi ne ya fi ɗaukar mini lokaci. A rubutun, bayan an yi sadakar arba'in, yarinyar ta duƙufa tana alkawarin azumi da sadaka idan za a dawo mata da mahaifinta. Ban taɓa jin yarinya mai wannan shekaru da wannan tarbiyya ta yi irin wannan roƙo ba, kuma mai karatu Bahaushe zai ji baƙuntar abin nan take. Alwashi irin wannan a bakin gadon asibiti ake yin sa, lokacin da mai ciwo yake da sauran numfashi, don haka na ce ta mayar da shi can. Abin da yake zuwa bayan an binne shi ne da-na-sani: da an kai shi asibiti tun daren farko, da ban bar shi ya kwana a shago yana gaggawar kayan Sallah ba, da na amsa kiran da ya yi mini ranar nan maimakon in ce ina zuwa. A nan ne kuma labarin yake da wata dama da marubuciyar ba ta lura da ita ba, domin yarinyar ta karanta hadisin da Muslim ya ruwaito wanda ya hana mutum cewa da na yi kaza da kaza ya faru, saboda hakan yana buɗe wa Shaiɗan ƙofar aiki. Ga abin da aka koya mata, ga abin da zuciyarta take maimaita mata da dare, kuma ba ta da wanda za ta faɗa wa ba tare da an ce imaninta ya yi rauni ba. Wannan tsaka-mai-wuyar ta ishi babi biyu, kuma ta fi alkawarin da aka ƙaƙaba mata gaskiya nesa ba kusa ba.

A kan sallamawa kuwa, jerin Kübler-Ross ya ajiye ta a ƙarshe, alhali a gidajenmu da ita ake farawa. Kalmar farko da take fita daga bakin wanda aka faɗa wa rasuwa ita ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, kuma tun a ranar duk wanda ya ce mata ya haƙuri, amsarta ita ce mun gode Allah. Harshe yana sallamawa tun daga farko da gaske, zuciya kuma tana biyowa a hankali. Na tuna wa marubuciyar abin da Bukhari ya ruwaito game da rasuwar Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, inda ya zubar da hawaye ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Littafin da zai nuna wa matasa cewa kuka da haƙuri suna iya zama a ƙirji ɗaya ya yi musu babban aiki, domin da yawansu suna ɗaukar hawayensu a matsayin laifi. Daga ƙarshe na ba da shawarar a cire taken kashi biyar ɗin gaba ɗaya, a bar lokutan gidan su tsara labarin: kwanakin zaman makoki, watsewar baƙi, Sallar farko babu uba, komawa makaranta, rabon gado, da fitar mahaifiyar daga takaba bayan wata huɗu da kwana goma kamar yadda aya ta 234 ta Suratul Baƙara ta tsara.

Da na juya kan alamomin rubutu sai na tarar ciwon ɗaya ne da na farko, wato marubuciyar tana tsoron mai karatu ba zai ji zafin abin ba sai an nuna masa da yatsa. Inda aka shaida wa yarinyar rasuwar, maganarta ta ƙare da alamar motsin rai uku a jere, ga alamar tambaya biyu a gabansu, ga ɗige-ɗige kusan rabin layi. Wannan ɗabi'ar rubutun waya ce, inda ake ganin yawan alama shi ne yawan tashin hankali. A ƙa'ida alama ɗaya ake sawa, kuma ko ɗayar ma tana rasa ƙarfinta idan ta cika yawa, kamar gishirin da aka zuba a kowane kwano har da na kunu. Na bar alamar motsin rai a wuraren da aka ɗaga murya da gaske, sauran na mayar da su aya. Abin mamaki ga marubuciyar shi ne layin da mahaifiyar take cewa a rufe keken, da aka cire masa alamomin aka bar shi da aya guda, ya fi yadda yake a da nauyi. Alamar zarce kuma ɗigo uku ce ba ƙari, kuma aikinta nuna maganar da ta katse ko aka kasa ƙarasawa, don haka na bar ta a inda ƙanin ya fara tambayar ko Baba zai, ya kasa kai ƙarshe, na cire ta a duk inda aka sa ta don ado.

Alamar buɗe zance da rufe shi ita ce ta fi muhimmanci a wannan littafin musamman. A rubutun waya ba ta sa ta ba sam, tana rubuta sunan mai magana ne ta sa ruwa biyu, kamar wasan kwaikwayo, har a inda yarinyar take tunani a zuci. Amma labarin nan rayuwarsa tana cikin tazarar da take tsakanin abin da yarinyar ta furta da abin da ta haɗiye. Idan baƙuwa ta yi mata gaisuwa ta amsa da godiya, sannan a ranta ta ce ba ki ma san shi ba, dole mai karatu ya gane da kallo ɗaya wanne ne ya fita daga baki. Muka tsayar da doka ɗaya ga littafin duka, cewa abin da aka furta shi kaɗai ne zai shiga tsakanin alamomin zance, kowane sabon mai magana da sabon sakin layi, tunani kuma ya tafi a cikin bayanin mai ba da labari.

Waƙafi ma ya nuna amfaninsa a wuri ɗaya da ba zan manta ba. Mahaifiyar tana cewa “Ba komai, Baffa ya ɗauka,” tana nufin ta yafe kayan shagon. Da babu waƙafin, mai karatu yana ɗauka jimlar korewa ce, yana jiran a rufe ta da “ba” a ce ba duka ya kwashe ba, sai ya yi tuntuɓe ya dawo baya. Sauran aikin jan biron na rabon kalmomi ne da haruffa masu lanƙwasa, waɗanda wayoyi da yawa suka saba wa marubuta barinsu. A wani wuri game da hular mamacin an rubuta “bata bata ba”, wanda zai iya zama ba ta ɓata ba, zai kuma iya zama uwar ba ta ba ta ba, kuma sai da na kira marubuciyar na tambaya kafin in san wanne take nufi. Haruffan ɓ, ɗ da ƙ sun shiga rubutun boko tun shekarun 1930, an kuma zauna a kan daidaita rubutun Hausa a Bamako a 1966 da Yamai a 1980, saboda haka littafin da za a sa a hannun 'yan makaranta, waɗanda za su zauna jarrabawar Hausa a WAEC ko NECO, bai kamata ya koya musu akasin abin da malaminsu yake koya musu ba.

Wajen taurari, hanyar da na bi ita ce na rubuta sunan kowa a takarda ɗaya, na yi tambaya biyu a gaban kowane suna: me wannan yake so, kuma me zai ragu a labarin idan aka cire shi. Nan take ta bayyana cewa mutum huɗu aiki ɗaya suke yi. Malamar Islamiyya, da gwaggo, da maƙwabciya, da ƙawar yarinyar, kowaccensu tana shigowa ta yi nasiha a kan haƙuri da kalmomi kusan iri ɗaya ta fita, babu wadda take da wata bukata tata. Na ce a bar nasihar ga malamar, wadda aikinta ne, a haɗe gwaggo da maƙwabciya su zama mutum ɗaya mai taimako da hannu da kuma yawan magana, ƙawar kuwa a bar ta ta zama yarinya 'yar shekara 16 wadda ba ta san abin da ake cewa ba, har ta fara gudun ƙawarta don kunyar rashin abin faɗa. Matasan da za su karanta littafin yawancinsu a wannan matsayin suke, ba su yi rashin ba amma suna zaune kusa da wanda ya yi, kuma sun cancanci su ga kansu a ciki.

Baffa shi ne mai adawa a labarin, kuma an zana shi mugu tun daga shigowarsa, mai haɗamar kayan marayu. Irin wannan mutum yana nan a duniya, ban musa ba, amma labarai sun yi ta amfani da shi har mai karatu yana hango ƙarshensa daga babin farko. Na nuna mata cewa a shari'a ba a rabon gado sai an biya bashin mamaci an zartar da wasiyyarsa, kamar yadda ayoyin gado na Suratun Nisa'i suka maimaita, kuma telan da ya karɓi kuɗin ɗinkin mutane ya kwanta asibiti bai yi aikin ba, ya bar bashi. Idan Baffa yana son a sayar da keken ne don a sauke wa ɗan'uwansa nauyi, ita kuma yarinyar tana ganin keken shi ne abin da ya rage mata na uba, to kowannensu yana da gaskiya, kuma rikicin zai fi ciwo.

Mutum biyu ne aka yi wa rowa a littafin, kuma su ne na fi tsayawa a kansu. Mahaifiyar tana zaune a ɗaki daga farko har ƙarshe da carbi a hannu, alhali ita ce ɗaya mai makokin. Ita shari'a ta ba ta takaba, lokaci sananne da kowa yake girmamawa, maza kuma suna da tabarmarsu a ƙofar gida, 'yar kuwa ba ta da komai sai wanke-wanke da kai wa baƙi ruwa, kuma bayan mako guda ana sa ran ganinta a aji. Uwa da 'ya a gida ɗaya, kowacce tana ɓoye wa ɗayar kukanta don kada ta ƙara mata, wannan dangantaka ce da ta cancanci fili. Sai ƙanin, yaro ɗan shekara 10, wanda aka riƙe hannunsa aka tafi da shi maƙabarta, tunda mata ba sa rakiyar gawa a al'adarmu. Yaron ya ga abin da yayarsa ba ta gani ba, ya san inda kabarin yake, ya ga lokacin da aka jera itace aka mayar da ƙasa, amma a rubutun ba a ba shi ko jimla biyar ba. Na roƙi marubuciyar ta rubuta dare ɗaya da wuta ta ɗauke, yayar ta tambaye shi yadda aka yi, shi kuma ya ba ta labari da kalmomin yara. Da ta turo mini wannan babin daga baya, shi ne kaɗai ya kamo na kofin shayi a kyau.

Wuri ɗaya ne ba mu daidaita ba. A kashi na huɗu wani saurayi mai hali yana bayyana, kuma zuwansa ne yake fitar da yarinyar daga ƙunci. Na ce mata wannan yana koya wa yarinya cewa maganin rashin uba shi ne samun wani namijin da zai tsaya a gurbinsa, kuma yana ƙwace wa tauraruwar aikin da ita ya kamata ta yi da kanta. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, “Malam, wallahi idan babu soyayya a ciki, 'yan matan ba za su kai rabi ba.” Ta fi ni sanin masu karatunta, kuma littafin nata ne, don haka ban matsa a cire shi ba. Abin da muka tsaya a kai shi ne a rage masa dukiya da iko, ya zama ɗan ajinsu wanda shi ma ya taɓa rasa mahaifiya, kuma kada warwarar labarin ta rataya a wuyansa. Ta karɓi na farkon nan take, na biyun kuma ta ce za ta gwada ta gani idan ta zo rubuta babin ƙarshe.

Yanzu rubutun yana hannunta tana sake gina tsakiyarsa bisa sabon tsarin. Na ce idan ta gama ta dawo mini da shi in sake bin ƙa'idojin rubutu daga farko, tunda sababbin babi suna zuwa da sababbin kurakurai, sannan in ga samfurin da maɗaba'a za ta fitar kafin a buga da yawa, domin wasu nau'o'in haruffan kwamfuta ba su da ɓ, ɗ da ƙ, kuma idan mai tsara shafuka ya sauya nau'in ba tare da lura ba, sai haruffan su koma akwatuna ko su ɓace daga cikin kalmomin.